Haddar Turanci Muna Yi, Haɗa Jimla Ne Ya Rage

Mu dai mutanen Tambuwal da Kebbe ba mu cika tuna Turanci ba sai ranar da sakamakon WAEC ko NECO ya fito. Ranar nan kam, daga teburin mai shayi na bakin titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega, zuwa dandalin hira na Dogon Daji da Sanyinna da Jabo, har can Kuchi da Margai, zancen ɗaya ne. Ana gama gaisuwa tambaya ke biyo baya.

"Alhaji, yaron nan naka ya ci Ingilishi?"

"Wallahi Malam, bakwai yas samu. Ingilishi ɗai ta taƙ ƙi."

"Ashsha! Allah shi ba da sa'a baɗi."

Sai a yi jim, domin kowa ya san abin da wannan ke nufi. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato suna neman kiredit biyar, Turanci na ciki, kiredit kuwa daga C6 yake farawa ya yi sama. Wanda ya samu D7 sai ya sake zama, uba ya sake sayar da buhun gero ko ɗan akuya a biya kuɗin jarrabawa. In an tsallake nan, ga JAMB na jira: cikin tambaya 180, sittin na Turanci ne, kuma kowa sai ya amsa su, da mai son likitanci da mai son karanta Larabci.

Daga jaje sai a koma neman mai laifi. Wannan ya ce malaman yanzu ne, wancan ya ce gwamnati ce, wani ya ce yaran ne waya ta ɗauke masu hankali. Kowane da ɗan gaskiyarsa. Amma ni abin da nake so mu taɓa shi ne wanda ke hannunmu, mu iyaye da yayye da malamai da abokan zaman dandali, tun daga ranar da yaro ya fara ɗaukar jaka har ranar da ake mana jaje.

Mu mutanen hadda ne, kuma wannan baiwa ce, ba aibi ba. Ku bi ta bayan tagar firamare da hantsi, za ku ji aji ya ɗauka baki ɗaya, malam na faɗi yara na amsawa. Rukunan kalmomin Turanci guda takwas, su suna da wakilin suna da aikatau da sifa da bayanau, ɗan aji huɗu zai zubo maka su da ma'anoninsu ba gargada, yadda yayyenmu suka haddace su daga Brighter Grammar. Amma ka ce masa, "To, gaya mini da Turanci cewa babanka ya kai albasa kasuwar Tambuwal jiya." Sai ya sunkuyar da kai yana murza gefen riga. Ya san noun, ya san verb, bai dai saba ɗora wannan kan wancan da kansa ba. Kamar yaron bakanike ne da ya haddace sunan kowane ƙarfe na cikin injin babur, amma ba a taɓa miƙa masa sifana an ce ya haɗa ba.

Ita kuwa jarrabawa haɗin take tambaya. WAEC za ta ce ka rubuta wasiƙa ko labari ko muhawara mai kalma wajen 450, kowane kuskuren nahawu ko na rubutu yana cin maki. Ta ba ka dogon rubutu ta ce ka taƙaita shi, amsar kuma a cikakkun jimloli take son ta. Hadda ita kaɗai ba ta fid da yaro a wannan wuri.

Akwai wani tsohon malamin firamare da muke zama da shi bayan la'asar, wanda in aka kawo masa littafin yaro ba ya fara duba jan biron da aka zuba. Sai ya karanta jimlar, ya mayar da ita Hausa, ya ce, "Ai yaron ga bai yi shirme ba. Hausa yar rubuta da kalmomin Turanci." Tun da na fara duba littattafan yaran gidanmu da wannan ido, na ga maganarsa dutse ce.

Ɗauki kuskuren da ya fi yawa a wajenmu: "Audu he went to market." Me ya kawo he bayan an riga an ambaci Audu? Hausa ce ta kawo shi. Mu ba mu cewa "Audu tafi kasuwa", sai in umarni muke ba shi. Dole mu ce "Audu ya tafi", "Binta ta tafi", "yara sun tafi". Wannan 'yar kalma ta tsakiya ba ta faɗuwa a Hausa, shi ya sa yaro yake jin jimlarsa ba ta tsaya da ƙafarta ba in bai saka he ba. Malam ya zagaye ta da ja ya wuce, yaro ya karɓi littafi bai san laifinta ba, gobe ya maimaita. Alhali magana ɗaya ta isa: a Turanci, ko ka ambaci Audu ko ka ce he, ba a haɗa su wuri ɗaya.

Daga nan kuma babbar matsalar ta samo asali, wato lokaci. A Hausa, wannan 'yar kalmar ce ke ɗauke da lokacin aiki. Ya tafi, zai tafi, yakan tafi. Mu nan mu ce munka tafi, sunka tafi. Ka ga "tafi" na nan zaune, abin da ke gabanta ne ke sauyawa. Turanci kuwa a jikin aikatau yake rataye lokaci: go, went, gone, shi kuma he yana nan yadda yake. To yaron da bakinsa ya saba da tsarin farko, in ya rubuta "Yesterday he go", a ganinsa ya gama aiki, tunda yesterday ta riga ta faɗi jiya ne. Ranar da ya gane went kuma, murna ta sa ya riƙa saka ta ko'ina, har ya rubuta "He did not went." Nan ma Hausa za ta iya ceto shi in an bari. A ce masa did not aikin "bai" take yi a "bai tafi ba": ita ta ɗauki korewa, ita ta ɗauki lokacin da ya wuce, don haka aikatau ya koma yadda yake tun asali, "He did not go." Na ga yara sun kama wannan a zama ɗaya, abin da suka shekara suna shan ja a kansa.

Sai 'yar ƙaramar s, wadda ta fi kowa wahalar da mu. An gaya wa yaro cewa in ya gan ta a ƙarshen kalma jam'i ne: boy ɗaya, boys da yawa. Gaskiya ne a kan suna. Amma a kan aikatau akasin haka take yi: "The boy eats", "The boys eat." Mutum ɗayan da ake magana a kansa ne ke ɗaukar s a aikinsa, masu yawa ba sa ɗauka. Wannan ba ya zama a kai da bayani sau ɗaya, sai an yi ta faɗi da baki har kunne ya saba, ya zamana "He eat" ta riƙa yi wa yaro karo a kunne yadda "Binta ya zo" ke yi masa.

Tambaya ma haka. Mu murya kawai muke ɗagawa: "Za ka kasuwa." "Za ka kasuwa?" Turanci sai ya juya kalmomin, "You are going" ta koma "Are you going?" Ƙidaya kuma mu bayan suna muke kawo ta, awaki uku, su kuwa gaba, three goats.

Kada wannan ya sa mu ɗauka nisan ya yi yawa. Ƙashin bayan jimlar iri ɗaya ne a harsunan biyu: mai aiki, sai aikin, sai wanda aikin ya faɗa wa, abin da malaman Hausa ke kira aikau da aikatau da karɓau. "Binta ta dafa tuwo", "Binta cooked tuwo." Jerin bai sauya ba. Farin doki, white horse, sifa na gaba a duka biyun. Har ma muna da wata fa'ida da ba mu lura da ita. Wakilin suna na Yarabanci da na Ibo ba ya bambanta namiji da mace, shi ya sa yaransu kan sha fama da he da she. Namu kuwa tun suna goye suke jin shi da ita, kai da ke. Abin da ya rage a gaya masu kawai shi ne mota da rana da kujera, waɗanda mu muke ce wa "ita", a Turanci it ne.

To ga inda muke cutar kanmu, kuma wannan ba gwamnati ce ta yi mana ba. Muna da dariya. Yaro ya dawo hutu ya gwada jimla ɗaya a dandali, in ta fita daidai a ce, "Iye, Bature ya iso!" In ta karkace a ce ya kwafsa, a yi ta maimaita masa ita har ta zama laƙabinsa. Wanda ma bai san ko harafi ɗaya ba da shi ake dariyar. A makaranta kuma a ce duk wanda ya yi Hausa ya yi banakula, a rubuta sunansa, a ci shi tara ko a ba shi shara. Hausa ta zama laifi a aji, Turanci ya zama abin tsokana a unguwa. Me ya rage wa yaro? Shiru. 'Yan mata abin ya fi yi wa illa, domin ga kunyar da muka tarbiyyantar da su a kai, ga tsoron a yi masu dariya gaban maza. Yarinya za ta san amsa sarai, ta rufe baki da gefen hijabi har a tashi. Harshe kuwa da baki ake koyon sa. Ba wanda ya iya Hausa ba tare da ya yi gwaranci ba, kuma lokacin nan tafi muke yi wa yaro, muna cewa ya ƙara.

Wata rana ana wannan zance, wani dattijo da ya yi karatun zaure mai zurfi ya ce da malamin nan namu, "Malam, ni abin ga na ba ni mamaki. Mu da munka karanci nahawu, mi za ya gagare mu ga nahawun Nasara?" Maganar ta tsaya mini a rai, domin wannan yanki ba baƙon nahawu ba ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu, nan kusa da mu, ya wallafa Bahrul Muhiɗ a kan nahawun Larabci da Hisnur Rasin a kan sarfu, duka a waƙe. Malam Buhari ɗan Shehu, wanda ya zauna Tambuwal, mawaƙin Larabci ne da ake nazarin waƙoƙinsa har yau. A zaurukanmu har gobe ana karanta Ajurumiyya da Alfiyyar Ibnu Malik. Mai Ajurumiyyar nan, wanda ya rasu a Fas ta Maroko a 1323, Basanhaje ne. Sibawaihi, limamin malaman nahawu, Bafarishe ne. Wato manyan da suka tsara ƙa'idar Larabci da yawansu ba da shi aka yi masu tawai ba, koyo suka yi.

Ku duba kuma yadda malamin zaure ke yi. Ba ya hana almajiri Hausa. Almajiri ya ja gaɓa ɗaya da Larabci, malam ya fassara ta da Hausa, a ci gaba. In an zo li'irabi, a kama kalma ɗaya ɗaya: wannan fi'ili ne, ga fa'ilinsa, ga maf'ulinsa, ga dalilin da ya sa wannan ta ɗauki rufu'a waccan ta ɗauki fataha. Zaidu da Amru sun sha zama misali har almajiri ya iya ƙera tasa jimlar. Kuma jimlar Larabci mai farawa da aikatau ta fi ta Turanci nisa da tsarin Hausa, ga tagwan suna, ga wasulan ƙarshe masu sauyawa. Duk da haka ana fita da malamai daga zauren da ba allo na bango, ba kujera, ba albashi. Dabarar tana hannunmu, ƙofar aji kawai muka hana ta shiga.

Masu shekaru a cikinmu sukan yi ta begen zamanin kwalejojin horon malamai, irin ta Dogon Daji, inda Aminu Waziri Tambuwal ya samu takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu a 1984 kafin ya wuce karatun lauya a Sakkwato. Ɗan garin nan ne, a firamaren Tambuwal ya fara, ya kai ga shugabantar Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, yana jan zama da Turanci gaban 'yan majalisa 360. Ba don siyasa na kawo shi ba, kowa da ra'ayinsa a nan. Na kawo shi ne don yaranmu su san ba sai an haifi mutum a Legas ba. Da ya zama gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a ƙarshen 2015, abin da ke nuna matsalar ta kai kowa ya gan ta.

Manufar harshe kuwa ta sha juyi. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ce a fara firamare da harshen uwa kafin a koma Turanci. A 2022, lokacin Adamu Adamu na ministan ilimi, aka amince a koyar da harshen uwa duk shekara shida na firamare. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka ce a koma Turanci. Ana ta muhawara a Abuja, amma duk wanda ya taɓa leƙa aji a Girkau ko Ungushi ya san abin da ke gudana: malam na karantawa da Turanci, yana bayani da Hausa, yana waiwaye kada a gan shi. Ni a ganina waiwayen ne ya kamata a daina. Ya yi shi a fili, ya yi shi da tsari: ga jimlar Hausa a wannan gefen allo, ga ta Turanci a wancan, ga inda suka dace, ga inda suka rabu. Sa'an nan yaran su yi ta furtawa da rubutawa da Turancin har ya zauna.

Su kuma 'yan bautar ƙasa da ake turo mana daga sansanin Wamakko, da yawansu sun iya Turancin, Hausa ce babu. Sukan yi bakin ƙoƙarinsu, amma yaro na kallon bakinsu kawai. Da za a haɗa kowane ɗaya da malami ɗan gida su riƙa shiga aji tare, da an ci moriyar shekarar tasu fiye da yadda ake ci.

Waya ma tana da nata. Yaranmu na rubutu a WhatsApp da Facebook fiye da yadda muka taɓa yi a takarda, sai dai a guntule: "Am fine", ba I, ba aya. Hannu in ya saba da haka, har ɗakin jarrabawa yake bin mutum. Ba sai an ƙwace wayar ba. Yaya ko kawu da ke birni ya ce in za a turo masa saƙon Turanci, a turo cikakkiyar jimla, shi ma ya amsa da cikakkiya.

A wasu gidaje na ga ana wani abu mai sauƙi da ke aiki. Bayan sallar isha'i, yaya ya tara ƙannensa da tambayoyi biyar na Hausa: wa? ya yi me? me aka yi wa aikin? a ina? yaushe? A fara da gajere, "Father sells." Me yake sayarwa? "Father sells onions." A ina? "Father sells onions in the market." To in jiya ne fa? "Father sold onions in the market yesterday." A kore ta: "Father did not sell onions." A mayar da ita tambaya: "Did Father sell onions?" Jimla ɗaya an juya ta gida shida, kuma zancen gidansu ne, ba na dusar ƙanƙara ko jirgin ƙasan Landan ba. Gobe a ɗauki Inna da furarta, jibi a ɗauki shanun da ke gangarawa fadama. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana da rawar takawa a nan, domin ita za ta ce, "Faɗa mini da Hausa in ji ko ka gane abin da kake faɗi." Yaron da ya kasa mayar da jimlarsa Hausa, hadda ya yi.

In yaro ya iya wannan, haɗa jimla biyu da and da but da because ba wuya ne da ita ba, tunda ya san "kuma" da "amma" da "saboda" tun yana ƙarami. Daga jimla biyu a kai sakin layi, daga sakin layi a kai wasiƙar da WAEC ke nema.

Saboda haka kirana ga ɗalibanmu na Danfodiyo da na jami'ar jiha da na kwalejoji, maza da mata: in kun dawo hutu, kowa ya ware sa'a ɗaya a zauren gidansu ko tsakar gida, ya tara yaran layinsu, a haɗa jimloli da baki da biro. Malamai kuma, in kun zagaye kuskure da ja, ku ƙara magana ɗaya ta Hausa da ke faɗin dalili. Mu kuwa na dandali, in yaro ya gwada Turancinsa gabanmu ya karkace, wanda ya sani ya gyara masa a hankali, wanda bai sani ba ya ce masa Allah shi yi albarka, ya ƙara wata.